Aron Kuncin Inna

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, don haka na haura shekara arba'in ban taɓa zama kusa da mahaifiyata har gwiwarmu ta haɗu ba. Haka al'adar take a wajenmu, kuma ban tashi ina ganin an cuce ni ba. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wasu su ɗauke shi. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta karɓe ni, a ɗakinta na girma, cikin gida ɗaya da Inna a nan Madarunfa. In Inna tana son aikena sai ta dubi wani wuri ta ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa." Ko ni kaɗai ce a tsakar gida haka za ta faɗa, ni kuma in tashi in kawo. Na san bayan hannunta, na san yadda take ɗaura kallabi, na san takunta tun daga zaure. Fuskarta kuwa daga gefe kawai na san ta.

Baba ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Allah ya jiƙansa. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Ta ƙara wa kanta abin da ba a ɗora mata ba, don ko man gujiya ba ta yarda ya taɓa jikinta ba. Ranar fita ta zo, aka yi sadaka, ƴan'uwanta na garin Gabi suka zo da sabon zani, ta yi wanka ta ɗaura don kada su ji ba daɗi. Suna juya baya ta ninke shi ta koma cikin tsohon.

Wata biyu suka wuce bayan haka, bazara ta kankama, Inna ba ta fito ba. Tana ɗaki, asabari a sauke, carbi a hannu. In na kawo tuwo daga gidana sai ta ci loma biyu ta ture. Fatar fuskarta ta bushe ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, gefen bakinta ya tsage, kumatun suka zube. Na sani, don a makarantar islamiyya an karantar da mu, cewa zaman makoki yana da iyaka, kuma wadda ta wuce iyakar ya kamata a tuna mata. To amma wa zai tuna mata? Ƙanena yana ci-rani a Najeriya. Autarmu tana Maradi. Ni ce kusa, ni ce kuma wadda ba ta da bakin faɗa. Kullum in zo in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana duban bango, in share tsakar gida, in cika randa, in koma. A hanya nake kukana. Tsorona ɗaya ne, kada ta bi Baba ina durƙushe a bakin ƙofa ban iya yi mata komai ba.

Wata Lahadi Auta ta zo. Ita tana aiki ne a wata farmasi, shagon sayar da magani, a Maradi, kuma ita ce wadda duniya ta sakar wa fuska a gidanmu. Tana shigowa ta yaye asabari, ta faɗa kan gadon Inna, ta ɗora kai a cinyarta.

"Tsohuwa, wannan wane irin zama ne? Ɗakin nan ko kaza aka rufe a ciki sai ta gasu."

"Tashi mini a jiki, ja'ira. Kin zo da surutunki."

"Na zo da abin da ya fi surutu."

Ta buɗe jaka ta fito da wata ƴar farar kwalba mai faɗin baki. Ta ce man fuska ne mai bitamin, sabon kawowa, mata suna ta tambayarta ko yana aiki, ita kuma ba ta son ta ce eh alhali ba ta gani da idonta ba. Ta miƙo mini takardar da ke cikin kwalin, ina zaune a dokin ƙofa. Da Faransanci aka rubuta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu na kolej kafin a yi mini aure, karatun bai gudu duka ba. Abu uku takardar ta yi alkawari: zai riƙe danshi a fata, zai ɗame ta, zai rage tamoji. A shafa safe da yamma bayan an wanke fuska, sati huɗu.

Na ce, "Ba dai irin mai ɗaye fatar nan ba ne, mai mai da mace ja?"

"Haba Yaya! In kawo wa uwata wannan? Karanta da kyau."

"To ki gwada a fuskarki mana."

"Ni ina na ga tamoji? Ke ma naki biyu ne, ba su isa gwaji ba. Ga inda kaya suke." Ta shafa kuncin Inna. "Inna, aro muka zo. Ki ara mana fuska wata ɗaya, mu maido miki."

Inna ta ce, "Mi za a yi da huskar tsohuwa? Wanda zai dube ta ya tahi."

Amma Auta ba ta san ja da baya ba. Ta ce wannan ba kwalliya ba ce, aiki ne. In man ƙarya ne, gara a sani, kada ta riƙa miƙa wa matan mutane abin da ba shi da amfani, alhakinsu ya hau kanta. Nan ta kama Inna, don Inna ba ta wasa da maganar alhaki. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "In don wannan ne, a yi."

Ni kuma sai na tuna mushenmu, malamin kimiyya, da gwangwanayensa biyu. Ya sa mun shuka wake a kowanne, ɗaya muka ba shi taki, ɗaya muka hana, ya ce in ba a bar ɗaya haka nan ba, ba za a san aikin takin ba. Na ce to a shafa wa kuncin dama kaɗai, a bar na hagu. Auta ta yi dariya har da tafi, ta ce ashe boko bai tashi a banza ba. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce ita gobe tana wajen aiki, safe da yamma kuwa sai wanda ke gari.

Sai a lokacin na gane abin da ya hau kaina.

Kwana biyu na fara gwada man a cikin hannuna, in ga ko zai yi ƙaiƙayi ko ya sauya launi. Bai yi ba. Na shafa na zuba ruwa a kai, don in tabbata ba zai hana ruwan alwala taɓa fata ba. Ruwa ya bi fata lafiya. Ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi, ɗan kaɗan ne, kamar na sabon sabulu. Na samo ragowar kaye, littafin rubutun ɗiyata na lakwal, na ja layi uku: laushi, ɗamewa, tamoji.

Ranar Laraba da hantsi, bayan yara sun tafi lakwal, na zo na durƙusa inda na saba. Na gaishe ta. Na ce, ina duban ƙasa, an zo shafa man. Ta ce wa bango, "A shigo."

Na shiga. Na kawo ruwa a ƙwarya ta wanke fuska. Ta zauna a bakin gado, ta juya mini kuncin dama, ta rufe ido. Na lakato man da ɗan yatsa, na yi bisimilla, na ɗora a kuncin. Fatar tana da zafi, tana da kaushi, ga ta sirirya, ina jin ƙashi a ƙarƙashinta. Man ya shige nan da nan kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ban fi ƙiftawar ido goma ina shafawa ba, amma da na fito sai da na jingina da rumbu na huta. Da la'asar na dawo na sake.

Haka muka yi satin farko, ba mai cewa komai. Ranar Laraba ta zagayo, ranar rubutu. Na shafa bayan yatsuna a kuncin dama, na shafa a na hagu. Na dama ya yi laushi, farin nan ya tafi, tsagewar gefen baki ta fara haɗewa. Na hagu yana nan yadda yake. Saura ɗamewa. Auta ta ce yadda ake ganewa shi ne a ɗan kama fatar a saki, a ga saurin komawarta. Na daɗe ina tsaye kafin na iya. Na kama, na saki.

Inna ta ce, ido a rufe, "Yau kuma mintsini aka koma?"

Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki da mayafi. Na ga gefen bakinta ya ɗan motsa. Ranar ta ci tuwo ya fi loma biyu.

A kwana na goma sha ɗaya matsala ta taso. Da yammacin ranar Auta ta kira a wayar salula, na sa yadda Inna za ta ji. Tana ta zolaya kamar yadda ta saba. Ta ce, "Tsohuwa, ki shirya. Man nan in ya gama aiki ba layin da zai bari a fuskarki, sumul za ki koma kamar ƴar shekara sha biyar, har mu rasa gane ki." Na yi dariya. Inna ba ta yi ba, ni kuma ban lura ba.

Washegari na tarar da asabari a sauke, an danne shi da turmi daga ciki. Na gaisa, ta amsa. Na ce an zo shafa man. Ta ce, "A mai da musu abinsu. An gama."

Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, kwalbar tana hannuna. Rana tana hawa, tantabarun maƙwabta suna ta kuka a kan katanga. Na rasa laifin da na yi. A al'ada iyakata ke nan, in tashi in tafi, in aika wa Auta ta zo ta ji dalili. Auta kuwa ba za ta samu zuwa ba sai wata Lahadin, kuma na san in asabarin nan ya kwana biyar a sauke ba zai sake ɗaguwa ba. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ce, "Inna, ni ce. Ki faɗa mini abin da ya faru." Ban taɓa yi mata magana kai tsaye haka ba tun da aka haife ni.

Sannan na ji tana jan turmin.

Ba ta dube ni ba. Ta sa yatsa a kuncinta ta ce, "An ce ba ya barin layi. Waɗannan fa?"

Tsagar gidansu take nufi. Inna tana da aska a kumatu, layuka dogaye daga gefen baki zuwa kusa da kunne, irin ta danginta na Gabi. Da tsufa ya zo sai tamoji suka shiga tsakaninsu, har wanda bai sani ba ba zai bambance wanne wanzami ya yi, wanne shekaru suka yi ba. Ita a ganinta, man da zai share ɗaya zai share ɗayan.

Ta ce, "A cinyar uwata aka yi mini su. Da su ubanku ya gane ko ni ɗiyar wace gida ce, ranar da ya fara ganina a kasuwa. Duk wanda ya san ni da su ya san ni. In tahi in tarar da su da huskar da ba su sani ba?"

Na so in ce mata a can ba da tsaga ake gane mutum ba. Na san haka, ita ma ta sani. Amma ba wa'azi take nema ba. Na ce mata tsaga tabo ce, ta shiga cikin nama, ba man da zai iya fitar da ita, Auta wasa take yi. Ta girgiza kai. Sai na ce to mu ƙirga su yau, in rubuta a kaye, kowace safiya kafin in shafa in sake ƙirgawa da ƙarfi tana ji. Ranar da ɗaya ta fara dushewa, ni da kaina zan jefa kwalbar a tabki.

Ta yi tunani, sannan ta zauna a bakin gado ta juyo kuncin.

Na ɗora yatsa a ta sama, na bi ta tun daga gefen baki har kunne. Ɗaya. Tsaga tana da santsi, gefenta a ɗan tashe, tana tafiya miƙe. Tamoji kuwa lanƙwasa yake, in ka ja fatar sai ya ɓace. Biyu. Uku. A ta huɗu na yi kuskure na bi wani tamoji, ta kama yatsana ta mai da shi kan hanya. Hannunta a kan nawa. Shida muka samu.

Ina cikin shafa man ta fara magana, a hankali, kamar da wani take yi a bayan ɗaki.

"Akwai wata yarinya, shekarunta ba su kai na jikata ta lakwal ba. Ta haihu, haihuwar fari. Ranar suna wanzami ya zo. Aka ɗauki jinjirar aka kai bayan ɗaki, ita kuma tana zaune cikin mata, an ce kada ta ko ɗaga kai, ana kallonta a ga ko tana da kunya. Jinjirar ta tsala kuka. Yarinyar nan ta ci gaba da murmushi, ana ta yaba ta. Ba wanda ya san ta cusa bakin zaninta a baki ta cije, har sai da haƙori ya huda shi."

Ina da ƴan tsaga biyu ƙanana a gefen ido, na gidan Baba. Ban taɓa tambayar yadda aka yi su ba.

Ta ce, "Zanin yana nan cikin adaka. Ba ta taɓa ɗaura shi ba tun ranar."

Man ya riga ya shige, amma na ci gaba da shafawa, hawaye yana sauka a kan hannuna, ita kuma ba ta janye kuncin ba.

Sauran kwanakin sun tafi a tsare. Kowace safiya in ƙirga, ɗaya har shida, ta ce, "To." In shafa. Wata rana na tarar ta riga ta wanke fuska tana jira. Wata rana na tarar an naɗe asabari. A sati na uku ta ce ɗakin ya yi duhu, ba za a ga layukan da kyau ba, a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida. Ranar ce ta fara zama a waje tun rasuwar Baba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas a kwanakin, iska tana kawo ƙanshin ruwa daga wajen tabki, ta ɗaga kai ta ce bana kamar damina za ta sauka da wuri, a faɗa wa ƙanena ya dawo ya gyara gona.

Ranar da sati huɗu suka cika na zauna da kaye na rubuta gaskiyar abin da na gani, don amana ce. Laushi, babu shakka, kuncin dama ya fi na hagu nesa, ko makaho ya shafa zai gane. Ɗamewa, akwai ɗan bambanci, amma ban iya rantsewa man ne ya kawo shi ba, don a watan Inna ta koma cin abinci, kumatun duka biyu sun ɗan ciko. Tamoji kuwa, ƙananan na gefen ido sun ɗan lafa in fatar tana da danshi, manyan suna nan inda suke, ko ɗaya bai tafi ba. Tsaga shida, lafiya lau. Na karanta wa Auta a salula. Ta ce to haka za ta riƙa faɗa wa mata, mai neman laushi ta ɗauka, mai neman ƙuruciya ta haƙura. Ta ce a gaishe da tsohuwa, an gode da aro, an maido mata kayanta.

Washegari na tashi da nauyin zuciya. Yara suka tafi lakwal, na wanke kwanoni, na share inda na riga na share. Gwaji ya ƙare. Ba ni da sauran dalilin wuce dokin ƙofa, kuma Inna ba mai son a ƙetare al'ada ba ce in ba da dalili ba. Na ce a raina watakila yau in koma durƙuso a waje, ita ta koma duban bango, asabari ya sauka. Na yi ta jan ƙafa har rana ta ɗaga sosai, sannan na ɗauki mayafi. Kwalbar ma ban yi niyyar ɗauka ba, sai da na kai zaure na komo na sa ta a jaka.

Na same ta a ƙarƙashin bedi, tana tsinke zogale a faifai. Sabon zanin nan na ƴan Gabi ne a jikinta. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta.

Ta ce wa faifan, "Wasu mutane ba su san rana ta yi ba. Tun ɗazu ruwan huska ya bushe."

Na matso. Na fito da kwalbar, na ce ai kwanakin sun cika jiya.

"Sun cika wa wa? An ɗauki wata guda ana yi wa ɗaya hidima, ɗayan yana kallo. Shi ba a jikina yake ba?"

Ta ajiye faifan ta juyo mini kuncin hagu. Na buɗe kwalbar, ɗan kaɗan ya rage a gindi. Na ce ba zai kai sati ba.

"In ya ƙare akwai man gujiya a ɗaki. Da can da mi muke shafawa?"

Na yi bisimilla na shafa, hagu da dama, da goshi, da haɓa. Da na gama ta shafa fuskar da tafinta biyu kamar mai shafa addu'a. Sannan ta ce an yi haihuwa a gidan da ke bayan masallaci yau kwana biyar, ba ta je barka ba, abin kunya ne. A ɗauko mata mayafi da takalmi, kuma a zo a raka ta, don ƙafarta ta manta hanya.